Ɗigon da shinkafa take yi wa RNA idan ƙwaro ya taɓa ta: magani ne ko labari?

Ɗalibin Suwal:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. A makon jiya Baba ya turo hoton shinkafarsa ta Hasawi, irin da ake nomawa a yankin Hasa na Saudiyya, wadda ganyen tsakiya ya bushe ƙamas alhali na gefe kore ne shar, ya tambaya ko shuka tana da wata dabarar kare kanta ko kuwa tsaye kawai take tana jiran mai feshi. Na yi alkawarin kawo amsa, ga shi kuma na cika, sai dai zan biyo ta wata hanya da masana suka fara bi kwanan nan, wato ɗigon da ake yi wa RNA.

A cikin kowane tantani, wato ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka gina jikin shinkafa, akwai DNA, wanda yake kamar babban littafin malam da ba a fita da shi daga ɗaki. Idan shuka tana bukatar wani furotin, sai a kwafo ɓangaren da ya dace a rubuta a kan RNA, kamar yadda almajiri yake rubuta darasin ranar a allo, ya karanta, sannan ya wanke ya sake wani. Haruffan RNA huɗu ne, A da U da G da C. Tun a shekarar 1974 aka gano cewa a kan wasu daga cikin haruffan A ana liƙa wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil, wanda bai wuce kabon ɗaya da haidurojin uku ba, kuma shi ne ake kira m6A. Harafin bai canza ba, amma wannan ɗigo yana da ta cewa a kan tsawon lokacin da rubutun zai yi kafin a wanke shi, da kuma yawan furotin da za a samu daga gare shi. Masu bincike a ƙasar Sin sun auna shi a jikin shinkafa bayan ƙwaro mai tsotso da tsutsar kara sun ci ta, suka ga tsarin ɗigon ya sauya a kan saƙonnin RNA masu yawa, ciki har da waɗanda suka shafi tsaro da waɗanda suka shafi girma.

Baba Mai Fangali (Hufuf):

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Bayan na turo hoton nan na koma gonar da asuba, na kama ganyen tsakiyar da yatsu biyu, sai ya zaro ba tare da wata gardama ba, gindinsa ya ruɓe yana wari. Da na tsaga karan da farce na tarar da tsutsa fara-fara kwance a ciki, ga kashinta kamar dusa. Mu a Kura tun ina yaro mun san wannan, idan ta kama shuka tana ƙarama zuciya ta mutu, idan kuma ta bari sai an fara fitar da kai, zangarniya ta fito fara fat ba ƙwaya ko ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a fangali ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, wani gindin ya mutu wani kuma ya sake fitar da 'ya'ya ya rayu. Ɗigon nan naka ne ya raba su?

Malama ta Jidda:

Kafin ƙanena ya amsa wa Baba, ina so in ɗan gyara misalin allon, domin na san akwai masu karatu da za su ɗauka ɗigon nan kamar wasali ne. Wasali yana canza yadda ake furta kalma, har ma ya canza ma'anarta, m6A kuwa ba ya taɓa abin da aka rubuta. Ya fi kama da alamar jar tawada da malami zai yi a gefen allo, wadda take nufin a riƙe wannan darasi kwana biyu, ko kuma a wanke shi yau. Akwai furotin masu sa alamar, a tsirrai ana kiran manyansu MTA da MTB da FIP37. Akwai masu goge ta, kuma akwai masu karanta ta su aiwatar da abin da take nufi, irin su ECT2 na tsiron Arabidopsis da ake yawan gwaji da shi.

Abin ya kwanta shekaru da dama bayan 1974 saboda ba a da hanyar sanin inda ɗigon yake, kuma ana zaton idan an sa shi ya zauna ke nan. A 2011 ne ɗakin binciken Farfesa Chuan He na Jami'ar Shikago ya nuna cewa wani furotin na jikin ɗan Adam mai suna FTO yana goge shi, sai a 2012 aka samu dabarar zana taswirarsa a kan dukkan saƙonnin tantani. Daga nan ne fagen ya buɗe. Na kawo wannan ne don Baba ya san cewa ilimin yaro ne, bai kai shekarun da ya yi yana dashe a Hasa ba.

Ɗalibin Suwal:

Na karɓi gyara, Malama, jar tawadar ta fi dacewa. Baba, ba zan ce ɗigon ne ya raba gindin biyu ba, domin lokacin da tsutsar ta shiga, da kaurin kara, da yawan yashin silika da shuka ta tara a jikinta, duk suna iya raba su. Amma ga inda ɗigon yake shigowa. Idan tsutsa ta fara tauna, shinkafa tana jin rauni kuma tana gane yawun ƙwaron, sai ta ɗaga wani sinadari mai suna jasmonik, wanda yake kamar gangar yaƙi. Da an buga shi sai a fara ƙera furotin masu hana tsutsa narkar da abinci a cikinta, a kuma saki wani ƙamshi da yake kiran ƙananan zanzaro masu yin ƙwai a jikin tsutsar. Idan kuma ƙwaron mai tsotso ne, wanda yake soka bakinsa cikin jijiyar da take ɗauke da ruwan sukari, shuka takan jingina da sinadarin salisilik, ɗan uwan asfirin, ta kuma toshe jijiyar da wani abu mai suna kalos don ƙwaron ya tsotsa ya ji wayam.

Duk wannan aiki yana da tsada. Sukarin da aka kashe a yaƙi ba zai koma ƙwaya ba, shi ya sa shukar da take cikin shirin yaƙi kullum takan tsumbure. Saboda haka abin da shinkafa take bukata shi ne ta kunna tsaro da sauri ta kuma kashe shi da sauri, kuma nan ne ake ganin amfanin alamar da ake iya sawa a goge a kan saƙon da aka riga aka rubuta, ba sai an koma ɗaki an buɗe littafi ba. Wannan shi ne tunanin da masu binciken suke bi.

Ɗan Maiurno (Madina):

Malam, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ina da ja a wuri ɗaya. Ka ce an ga ɗigon ya sauya bayan ƙwaro ya ci shuka. To ai idan gobara ta tashi a gida komai yana sauyawa, har kaji sukan canza wurin kwana, amma ba kajin ne suke kashe wutar ba. Shukar da ake ci da rai dole dubban saƙonninta su motsa, wasu su ƙaru wasu su ragu, kuma idan ka auna ɗigo za ka ga ya motsa tare da su. Wannan bai nuna cewa ɗigon ne yake jan ragama ba.

Ina faɗar haka ne saboda abin da iyayenmu suka gani a Jazira, babban yankin noman rani na Sudan. An buɗe aikin noman a 1925 da ruwan madatsar Sinnar, auduga ta zama dukiyar Sudan, sannan aka shigo da feshi, daga baya har da jirgin sama, kuma kowace shekara yawan feshin yana ƙaruwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 farin ƙudan nan mai tsotson ganyen auduga, wanda da can ba shi ne babban abin tsoro ba, ya zama sarkin ƙwari, domin maganin ya kashe masu cin sa ya bar shi. Mahaifina yakan ba mu labarin yadda suke shiga hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, su fito riga tana danƙo saboda asala, ruwan zaƙin da ƙwaron yake zubarwa a kan ganye da auduga, har audugar ta riƙa manne wa injin tana faɗuwa a kasuwa. Waɗanda suka kawo maganin ma masana ne, kuma da takardu suka zo. Tun daga nan nake sauraron sabon ilimi da kunne ɗaya.

Ɗalibin Suwal:

Yaya, jan da ka yi shi ne ainihin raunin fagen, kuma ban zo in ɓoye shi ba. Taswira tana nuna abin da ya motsa tare da wani abu, hujja kuwa sai an cire furotin mai sa ɗigon ko mai goge shi, a saki ƙwaro, a ga ko shukar ta fi jurewa ko ta fi saurin mutuwa. Matsalar ita ce cirewar kanta tana kashe shuka. A 2008 masu bincike a Jami'ar Notingam ta Ingila sun lalata MTA a Arabidopsis, sai iri ya tsaya tun yana ɗan tayi bai ƙarasa ba. A shinkafa kuma an nuna cewa idan aka taɓa OsFIP, wato FIP37 na shinkafa, garin furen namiji ba ya ƙulluwa yadda ya kamata, shuka ta kasa yin ƙwaya. Ka ga ke nan ba makunnin fitila ɗaya ba ne, babban makunnin gida ne, idan ka taɓa shi don ɗakin baƙi har firji ya mutu.

Inda aka samu hujja mai ƙarfi shi ne a ɓangaren cutar bairos. A 2017 masu bincike a Sifen sun nuna cewa wani mai gogewa na Arabidopsis, ALKBH9B, yana cire ɗigon daga RNA ɗin wani bairos na ciyawar alfalfa, kuma da aka raunana shi bairos ɗin ya kasa yaɗuwa sosai a jikin shukar. Wannan ya shafe mu, domin ƙwari da yawa ba cinsu ne kaɗai ɓarna ba, cutar da suke ɗauko wa shinkafa ta fi muni.

Kuma tun da ka ambaci farin ƙuda, bari in ba ka abin da zai ba ka mamaki. A 2021 an wallafa binciken da ya nuna cewa shi ma farin ƙudan yana amfani da wannan ɗigo. An samu canjin harafi ɗaya a gaban saƙon wata ƙwayar gado, wato wani ɓangare na DNA, mai suna CYP4C64, canjin ya samar da wurin da m6A zai zauna, sai ƙwaron ya riƙa ƙera furotin mai warware guba da yawa, har ya daina jin maganin tiyametoksam. Wato alƙalamin da muke fata shinkafa ta yi yaƙi da shi, abokin gaba ma yana riƙe da irinsa.

Ɗan Maiurno (Madina):

To wannan kam ya shige ni, kuma ya ƙara mini ƙarfi a kan abin da nake faɗa maimakon ya rage. Ƙwaron da yake hayayyafa sau da yawa a damina ɗaya zai riga mai bincike isa duk inda za a je.

Malama ta Jidda:

Tarihin shinkafa a Asiya yana bayan Malam na Madina a wannan gaɓa. Ƙwaron nan mai tsalle mai ruwan ƙasa, wanda masana suke kira Nilaparvata lugens, yana zama a gindin shinkafa yana tsotsa har gona ta yi kamar an bi ta da wuta. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Los Banos a Filifin, wadda aka kafa a 1960, ta fitar da irin IR26 a 1973 mai ɗauke da ƙwayar gadon juriya Bph1. Cikin 'yan shekaru ƙwaron ya saba da shi, aka fitar da IR36 a 1976 da wata ƙwayar dabam. A lokaci guda feshi yana kashe gizo-gizo da sauran masu farautar ƙwaron, takin yuriya mai yawa kuma yana sa ruwan jikin shuka ya yi masa daɗi. Sai da ta kai a 1986 Shugaba Suharto na Indunusiya ya haramta magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa. Labarin Jazira ne sak, an canza shuka kawai.

Amma a nan zan rabu da Malam kaɗan. Abin da ya sa IR26 ya faɗi shi ne ƙofa ɗaya aka rufe, ƙwaro ya nemo makulli ɗaya. Lokacin da masana na Jami'ar Wuhan suka ware Bph14 a 2009, sun ga aikinta shi ne gane ƙwaro sannan ta tayar da salisilik da toshewar kalos. Ita mai gadi ce a bakin ƙofa. Ɗigon RNA kuwa yana can ciki, inda ake tsara saurin amsa da tsawonta a kan saƙonni masu yawa lokaci guda. Idan har aka iya sarrafa shi, ina ganin zai fi wa ƙwaro wuyar kaucewa fiye da ƙwayar gado guda, ko da yake wannan ra'ayina ne, kuma kalmar "idan" ɗin nan tana da nauyi.

Alhaji na Shara Mansur (Makka):

Ni ɗan kasuwa ne, shinkafar da nake sayarwa basmati ce daga Indiya kamar yadda kusan kowa yake ci a ƙasar nan, don haka tambayata ta buhu ce. An taɓa turo mini labari cewa an sa wa shinkafa wani abu na jikin mutum ta ninka amfani. Shi ne wannan? In kuwa shi ne, me ake jira, kuma yaya hukuncin cinta?

Ɗalibin Suwal:

Shi ne, Alhaji, amma labarin ya ƙaru a hanya. A 2021 ƙungiyar Farfesa Jia Guifang ta Jami'ar Peking tare da Farfesa Chuan He sun sa ƙwayar gadon FTO a shinkafa da dankalin Turawa. A ɗakin gilashi ƙwayar shinkafar ta ninka fiye da sau uku, a fili kuma ƙarin ya kai kusan kashi 50 cikin ɗari, saiwa ta yi tsawo, 'ya'ya suka yi yawa, shukar ta fi jure fari. Abin lura shi ne ɗigon da aka goge daga saƙonnin furotin bai wuce kusan kashi 7 cikin ɗari ba, wanda yake nuna ɗan taɓawa kaɗan yana iya juya shuka gaba ɗaya. Sai dai binciken nan na yabanya ne, ba na ƙwari ba. Kuma idan aka tuna cewa girma da tsaro daga tukunya ɗaya suke ci, duk wanda ya ga shuka ta zuba ƙarfinta a girma haka ya kamata ya fara tambayar me ya rage wa tsaro kafin ya yi murna.

Game da hukunci, ba tsoka ko jini aka ɗauko daga jikin mutum ba, jerin haruffa aka kwafa aka sa wa shuka ta riƙa ƙera furotin ɗin da kanta. Wannan shi ne bayanin yadda abin yake, fatawa kuwa ta malamai ce, kuma kuna da su kusa a Makka.

Baba Mai Fangali (Hufuf):

Duk na ji, amma ku lura da abu ɗaya. Ƙwaron nan mai tsalle da kuke ta magana a kansa ban taɓa ganin ya ƙone gona a Kura ko a nan ba. Namu tsutsar kara ce, sai kuma wanda yake sa shinkafa ta fitar da dogon ganye mai rami kamar na albasa maimakon zangarniya, wanda ya addabi mutanen fadama a gida. Ita kuma Hasawi, ja ce, ana dashenta a tsakiyar zafin da mutum ba ya iya tsayawa a rana, a girbe ta idan sanyi ya fara shigowa, kuma mutanen nan suna ajiye ta don masu jego saboda ƙarfin da take sawa. Shukar da take shan irin wannan zafi, anya abin da aka auna a shinkafar Sin zai yi daidai da nata?

Malama ta Jidda:

Tambayar Baba ta fi duk abin da muka rubuta. Mai sa ganyen albasar nan ɗan ƙaramin ƙuda ne mai kama da sauro, Orseolia oryzivora, kuma na Afirka ne. Tsutsarsa ba tauna kara take yi ba, tana shiga wurin da shuka take tsiro ta tilasta mata gina mata ɗaki, wanda yake nufin tana juya tsarin girman shukar ne daga ciki. Idan akwai ƙwaron da ya cancanci a duba ɗigon RNA a kansa, to shi ne. Haka kuma muna da shinkafarmu ta asali, Oryza glaberrima, wadda aka fara nomawa a kwarin Neja na ƙasar Mali kimanin shekara 3000 da suka wuce, kuma a cikin ire-irenta aka samu masu jure wannan ƙuda. Da ita Dakta Monty Jones na Saliyo ya haɗa shinkafar Asiya ya samar da irin shinkafar NERICA, aikin da ya ba shi kyautar abinci ta duniya a 2004. Zafi da fari da gishiri su ma suna motsa tsarin m6A a tsirrai, don haka Hasawi da take cikin zafin Hasa ba daga wuri ɗaya take tashi da shinkafar ɗakin gwaji ba.

Ɗan Maiurno (Madina):

To ƙanena, kai da kake zaune a KAUST, jami'ar kimiyya ta Suwal, inda ake da na'urori, me zai hana ka ɗauki karan Baba ka auna? Mu namu wurin binciken na Wad Madani yaƙi ya bi ta kansa tun ƙarshen 2023, sai a hankali.

Ɗalibin Suwal:

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Yaya. Aunawar ba ta da sauƙi kamar yadda take a baki. RNA ba ya jure komai, gumin yatsa kaɗai yana ɗauke da abin da zai narkar da shi, don haka dole a yanki karan a jefa shi cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi a nan bakin fangali, cikin daƙiƙu. Na taɓa asarar aikin wata biyu saboda wani kamfanin aike ya ajiye akwatina a rana har busasshiyar ƙanƙarar ta ƙare, da na buɗe sai na tarar da ganye ya yi laushi kamar an dafa. Sannan yankan kansa rauni ne, shuka za ta buga gangar jasmonik saboda wuƙata, dole a samu gindin da tsutsa ba ta taɓa ba a yanke shi daidai wannan lokaci don a kwatanta. Tsohuwar dabarar aunawa tana nuna unguwar da ɗigon yake ne kawai, faɗin haruffa ɗari ko fiye, sabuwar kuma, wadda ake zura RNA ta wani ɗan ƙaramin rami ana karanta canjin lantarki, tana kusantar harafin kansa amma tana bukatar samfuri mai tsabta sosai.

Kafin a kai can akwai abin da Baba zai iya yi da hannunsa, wanda kuma shi ne matakin farko ko da za a auna. Baba, a zaɓi fangali biyu, a ƙirga gindi 20 a kowane, a rubuta nawa ne zuciyarsu ta mutu da nawa ne suka sake fitar da 'ya'ya, a kuma rubuta ranar dashe da yawan yuriyar da aka zuba. Tsutsa biyu ko uku a sa su a ƙaramar kwalba da sifirit, domin sai an san wace ce kafin a san da wa ake faɗa. Gindin da suka rayu kuma a ɗaura musu tsumma, a ware irinsu dabam ranar girbi.

Baba Mai Fangali (Hufuf):

Wannan mai sauƙi ne, tsumma akwai, kwalba ma akwai. Yuriyar ce zan tambayi mai gonar, domin shi yake auna ta, kuma ina zargin ya ƙara hannu bana a fangalin da yake kusa da dabinai, wanda shi ne tsutsar ta fi ci. Zan ƙirga ranar Asabar bayan an janye ruwa, in turo muku lissafin da hotuna in sha Allahu.